Layi na Uku a Gindin Darbejiya

Ni mutum ne da ba ya sayen akuya sai ya yi ta komawa kasuwa yana sake duba haƙoranta. Duk unguwarmu a Bagudo an san ni da haka, har matata ta daina aikena sayen albasa. Sai ga shi jam'iyyarmu ta ce zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a wannan karon ƙato bayan ƙato za a yi. Kowane mai kati zai tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna a gaban kowa.

Su biyu ne ke nema. Na farko dattijo ne, yana cewa a bi komai a hankali, a gyara abin da aka tarar. Na biyu yana cewa a tuge tsohon tsari a dasa sabo, a yi asibiti kyauta, a saki boda mutane su wala. In na ji dattijon a rediyo, sai in ce da wannan tafiyar tasa har mu mutu ba mu ga komai ba. In na ji ɗayan, sai in tuna direban da ya taɓa zubar da mu a hanyar Zagga saboda sauri. Abin da ya fi damuna, gobe kiyama za a tambaye ni inda na tsaya. Har na rame.

Ran zaɓe, a filin firamare, na yi bisimilla na shiga layin dattijon. Ina waigawa sai na ga maƙwabcina mahauci a bayana, da Kawu da sandarsa, da telan bakin titi, da wasu 'yan unguwa.

Na ce, "Ku mi kuke yi bayana?"

Mahauci ya ce, "Malam, ai kai ka yi muna tunanin. Wanda ya rame kan abu ba ya kuskure. Mu mun huta."

Da alhakin kaina kaɗai nake ɗauke da shi, yanzu ga na rabin unguwa. Na sulale na koma layin mai son sauyi don in rabu da su. Suka biyo ni, Kawu yana dogarawa yana mita. Wakilin dattijon ya fara ihu wai an saye mu. Jin haka na tsorata kada a yi mana mummunan zato, na dawo. Suka dawo. Wakilin ɗayan ya fara nasa ihun.

Na fice daga filin, na tsaya a gindin darbejiya in sake tunani. Kafin in share gumi, sun jeru a bayana tsaf.

Jami'in zaɓe ya iso yana kallonmu. "Wannan layin na wane ne? Ina hotonku?"

Mahauci ya nuna ni. "Ga hoton nan tsaye, ranka ya daɗe, bai gama wankuwa ba."

Aka kwashe da dariya. Jami'in ya ce yanzu zai fara ƙirga, wanda ba ya cikin layi biyun nan ya zubar da ƙuri'arsa. Na ga in na ci gaba da tsayuwa, tawa da tasu duk sun tafi a banza, kuma a wuyana.

Na juya na fuskance su. Na ce, "Ni layin mai son sauyi za ni. Lokacin da aka rufe boda mahaifiyarmu ta rasu, ƙanwata da ke aure a ƙasar Benin sai ta daji ta biyo kan babur, ta tarar an riga an kai ta. Dalilina ke nan, ba ni da wani. Kuma wataƙila mutumin ya kifar da mu. Wanda ya bi ni, wallahi shi da Allah."

Kawu ya buga sanda a ƙasa. "Ashe wanga ne tunanin da ka rame a kai? Ni shinkafa gare ni a fadama. In ta waje ta shigo, wa ka sayen tawa?" Ya wuce layin dattijon, manoma suka bi shi. Mahauci ya bi ni, don shanunsa daga can suke zuwa. Tela ya ce shi dama inuwa ya biyo, ya zauna abinsa.

Aka ƙirga ni. Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka, ko da yake na ɗan ji haushin saurin da suka yi wajen barina.

A hanyar gida kuma sai wani abu ya faɗo mini. In dattijon ba alheri ba ne, ai maganata ce ta kora Kawu layinsa. Na faɗa wa matata. Ta ajiye mini tuwo, ta ce in ci tun da zafi, kada in tsaya zaɓen gefen da zan fara.