Likitan Bakin Tashar Gummi

Kowace ranar kasuwa yana nan bakin tashar Gummi, sanye da farar rigar asibiti wadda wuyanta ya yi baƙi ƙirin, ga biro a aljihu, ga tiren magunguna rana na dukansu. Kowa "Likita" yake ce masa. Da ganinsa, shara ya taɓa yi a wani asibiti, ya fito da rigar.

Ga wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono, tana miƙa masa ƙwayar hawan jinin da aka ba mahaifiyarta a asibiti. Sabuwar ƙwaya ce mai rufi, an yi ta ne don ta narke sannu a hankali a ciki, daga safe har dare.

"Likita, Inna ta kasa haɗiye ta."

"Wagga? Kawo nan, 'yar Fulani."

Ko kallon kwalin bai yi ba. Yana murƙushe ta da gindin kwalba, yana hira da direbobi.

"Dama mata cikin fura."

Maganin wuni guda ke nan zai afka wa tsohuwa lokaci ɗaya, kuma daga rugarsu zuwa asibiti tafiya ce mai nisa. Ita kuwa baiwar Allah tana ƙulle garin a bakin zane, tana sa masa albarka, har da tsiyaya masa nono kyauta.