Baƙin Ngatinem

Shekara talatin da uku Mbah Sarjiyo ya yi yana gadi inda titi ya ratsa layin dogo a bayan garin Kutoarjo, shi kaɗai cikin 'yar rumfa, ya sauke sanda, ya ɗaga sanda. Dubban mutane sun wuce ta gabansa, babu wanda ya san sunansa. Ya yi ritaya da fansho da katin asibiti. Matarsa Ngatinem kuwa, mai tallan tempe, wato wainar waken suya, da ganye a keke, ba fansho ba komai. Amma fa ita ke da jama'a, kuma ƙyashin wannan yana cin ransa ba kaɗan ba.

Duk gidan biki ko rasuwa, tana can kwana uku tana yanka albasa. Ranar da ta gurɗe ƙafa, gurɗewa kawai, sai ga a-kori-kura maƙil da matan unguwa sun zo dubiya, da ayaba da sukari da ganyen shayi. Shi ya dinga jera musu takalma a bakin ƙofa yana ƙwafa.

Da aka yi masa aikin ido sai ya ce to, yau ranarsa ce. Tun hantsi ya sa rigar biki, ya hakimce a baranda da bandejinsa. Motar ta zo kuwa. Matan suka yi masa sannu a tsaitsaye, suka zarce kicin yi wa Ngatinem sannu da jinya. Yana jiyo shewarsu har la'asar. Namiji ko ɗaya bai leƙo ba sai direba, shi ma ashana ya zo nema.

Da suka watse ya ƙi taɓa ayabar da suka kawo, wai ta baƙinta ce, ta ci abarta. Can, ba tare da ya dube ta ba, ya furta abin da ya daɗe yana tsoro.

"Bu," ya kira ta yadda ya saba, "in kika riga ni tafiya, wa zai tako gidan nan?"

Ta ci gaba da tattara kofuna.

"Ai na gama da wannan tuni, Pak. Parjilah ran Litinin, Tukinem ran Laraba, ran Juma'a Sumilah ta kawo maka miya. Sun yi alkawari."

"Ke suka yi wa."

"To da wa za su yi wa?"

Ya buɗe baki zai kawo sunan mutum ɗaya, nasa na kansa. Ya laluba, ya laluba, bai samu ba. Sai ya jawo ayaba ɗaya ya ɓare.