Gwaggo, Teburin Bai Zama Wayam Ba

Da safiyar Talata, tara ga watan Mayu, labari ya iso mana cewa Ubangiji ya kira ki gida, Gwaggo. Na sha kuka, ba zan ɓoye ba. Amma yau da nake wannan rubutu murna ce ta cika mini zuciya, kuma dole in gaya miki dalili.

Tun ina yarinya ke ce mai gasa burodin Jibin Ubangiji a cocinmu. Dattawa sun gaji da roƙonki ki riƙa yanka shi ƙanana, ke kuwa ko a jikinki. Amsarki ɗaya ce: "Yaya za a ce wa mutum karɓi ka ci, sannan a miƙa masa abin da ko haƙori ba zai taɓa ba?" In za a kai wa marar lafiya Jibi a gida, Fasto na gaba da ƙoƙo, ke kina biye da kular abinci mai zafi. Ba kya tashi sai kin ga an cinye, an kuma yi addu'a.

Lahadin da ta biyo bayan rasuwarki ranar Jibi ce. Ni ce mai shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, kuma tsoro ya kama ni kada faranti ya zauna babu komai. Sai na tuna ranar da kika ja ni kicin, kika koya mini kwaɓin, kika ce, "'Yata, in ba na nan, kar ki bar teburin nan wayam." Na kwaɓa, na gasa, ina ganin ni kaɗai kika ba wa wannan amana.

Ina shiga coci na tarar da telan unguwarmu riƙe da tiren burodi. Bayansa ga direban nan da kika ciyar lokacin da ya rasa aiki, nasa burodin ya ɗan ƙone a gefe. Ga ma'aikaciyar jinya, ga mai gadi, kowa da nasa a lulluɓe. Ashe duk kin yi mana wayo, Gwaggo, kin gaya wa kowa magana iri ɗaya! Fasto ya dube mu yana dariya yana share hawaye, ya ce, "To, ku kawo wani teburin."

Kowa ya karɓi yanki babba, har da dattawan. Da aka tashi muka kwashi sauran zuwa asibiti da tashar mota, muna rabawa muna waƙa.

Allah ya yi miki jinƙai, ya zaunar da ke a teburin Almasihu. Kawu mijinki da 'ya'ya da jikoki, Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya share muku hawaye. Ki huta, Gwaggo. Wata mai zuwa direba ne zai gasa, kuma ya yi alkawari ba zai ƙona ba.