Injin Mushe da Tokar Murhuna

Na yi shekaru ina faɗa da injinan maigidana, ban taɓa yin nasara ba. Ƙananan injina ne na jiragen wasa, irin waɗanda ake tuƙawa daga ƙasa da rediyo. Kowanne tafin hannu ɗaya ya ishe shi, amma in ya tashi sai ka ce sauro ne ya yi girman akuya.

Malamin lakol ne shi, wato makarantar boko, don haka a nan garin Agiye kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci, har bayan ya ajiye aiki. Injin farko wani Bature ne da ya yi aikin dashen itatuwa a wajenmu ya bar masa, tun ba a kawo ni gidan ba. Sauran a tarkacen gwanjo na kasuwar Maradi ya yi ta tsinto su, a daskare, masu sayarwar ma ba su san ko na mene ne ba. Zai kawo su gida yana murna, ya jiƙa, ya lallaɓa, har su motsa.

Ba sa shan fetur. Alkol suke sha, wato sifirit, wanda yake samowa wajen masu fenti, a gauraye da man zurma. Man zurmar nan shi ne tushen rigimarmu, domin injin ba ya ƙone shi, feso shi yake yi ta baya, kuma duk inda na yi shanya sai iska ta kai shi kan zanena. Na yi masifa, na yi gaba, na kai ƙara wajen yayarsa. Sai ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, iska ce ta juya," gobe kuma ya sake. Bayan girbi yakan ɗauki jirgin zuwa gonakin hanyar Gangara, ya fara roƙon Fulanin da suka sauka wurin su matsar da maruƙansu, sannan ya tashe shi. Ban taɓa binsa ba. Nakan ce wanda bai da tuwon dare a gabansa shi ke kallon sama.

Wata damina hawan jini ya kayar da shi. Da muka dawo daga asibiti hannun dama ya mutu, ƙafar tana ja. Likita ya ce harshensa lafiya lau, magana za ta dawo in ya ga dama. Bai ga dama ba. Mutumin da in ya fara bayanin farfela sai miya ta huce, ya koma daga "to" sai "a'a". Yini yake yi ƙarƙashin dogon yaro yana kallon katanga. Shanyata ta huta, ni kuwa na rasa sukuni.

Ana nan sai ƙanensa, mai sayar da hatsi a Gidan Rumji, ya zo dubiya. Ya leƙa ɗakin injinan, ya fito yana kakkaɓe hula.

"Yaya, kayan wasan ga su ka ƙara maka ɓacin rai. In na dawo zan taho da buhu in kwashe su, masu sayen ƙarhe na so."

Na tsaya da kwano a hannu ina jiran tsawa. Da can ko ƙura ka hure a kan injinan nan sai ka ji magana. Mushe ya gyaɗa kai kawai ya ce, "To."

Tun da aka kwantar da shi ban ji tsoro irin na wannan "to" ɗin ba. Na san in buhun nan ya fita da injinan, abin da ya rage na mijina ma ya bi shi.

Kashegari da hantsi na shiga ɗakin na ɗauko injin Baturen, wanda ya fi so. Tsohon mai ya bushe a cikinsa ya zama kamar ƙaro, farfelar ko motsi. Na shimfiɗa tabarma daidai gabansa. Na kawo kwanon ruwa, na kawo soso, na ɗebo toka a murhu. Na san sarai ruwa da toka su ne ajalin injin nan, don na sha jin haka har na haddace. Na jiƙa soson, na dangwali toka, na ɗaga hannu a hankali yadda zai gani da kyau.

"Ke!"

Na yi kamar ban ji ba.

"Ke, mi kike yi haka?"

"Wanki. In za a ba mutane kaya ai sai a ba su da tsabta."

"Da toka? Tukunya ce? Aje shi! Aje shi na ce!"

Kaji suka watse. Na ajiye soson ina ɓata rai, zuciyata kuwa fes. Na ce to tunda shi ne masani, sai ya faɗi yadda ake yi.

Ya faɗa, yana huci. In ɗora shi kan kwanon rufi rana ta gasa shi, man ya yi laushi. In jiƙa shi cikin alkol. In riƙa juya farfela kaɗan-kaɗan, ban da ƙarfi. Ni kuma duk abin da ya ce sai na karkace shi. Ya ce dama, na yi hagu. Ya ce man zurma, na fito da kwalbar man gyaɗa ina tambaya ko ba duk mai ba ne. Nan ya yi mini darasi mai tsawo a kan yadda man zurma yake jure zafi, har da ɗaga yatsa kamar yana gaban allo. Miyata ta kama a ranar, ban damu ba.

Bayan 'yan kwanaki farfelar ta saki, tana juyawa tana ɗan yin "fok" in ta kai sama. Ya sa na cire bujin injin, wato ɗan mitsitsin fulogin da ke kunna wuta, na haɗa masa batir. Zaren da ke ciki ya yi ja kamar garwashi. Ya ƙura wa jan nan ido, sannan ya sa na mayar da bujin mazauninsa.

Ranar tayarwa muka ɗaure injin a jikin katako, muka ɗaure katakon a kan turmi. Ya ce in toshe bakin iska da yatsa in juya farfela, mai ya hau. Ya ce kada in buga ta da hannu, tana cizo. Sai na ɗauko maburgina. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Wannan ma ya yi."

Na haɗa batir, na buga, shiru. Na buga, ya yi tari. Na buga har kafaɗata ta gaji, ina zagin Baturen da ya kawo mana wannan jaraba. Can sai ya kama. Wayyo kunnena! Na cire batir kamar yadda aka umarce ni, injin ya ci gaba da kansa, yana gurnani yana tofar da mai.

"Allura!" in ji Mushe, yana ihu don in ji. "Matsa ta ciki!"

Ɗan sukurun da ke daidaita mai yake nufi. A nan kam ba wasa nake ba, ban iya ba. Da kunne ake yinsa, ni kuwa duk ƙara ɗaya nake ji. Na murɗa, injin ya fara shaƙewa. Sai na ga Mushe ya jawo kujerarsa da ƙafa mai lafiya, ya miƙo hannun hagu ta bayan farfela, ya ture nawa. Ya sunkuyar da kai, ya lumshe ido, yana murɗawa a hankali. Gurnanin ya tsinke ya koma siririn kuka mai kaifi, ya ɗan mayar da allurar baya, kukan ya zauna. Mai yana ta feshi a zanena, sabo ma kuwa.

Da man ya ƙare injin ya mutu, gidan ya yi tsit, sai maƙwabciya da ke salati ta bayan katanga. Ƙanensa kuwa da ya zo daga baya da buhunsa, wake na cika masa ya koma.

Amma a wannan ranar ta tayarwa, muna zaune kunnuwanmu na ƙara, Mushe ya goge hannunsa a gwiwa ya dube ni.

"Hajiya. Tokar ga, da gangan kinka yi."

"Da gangan."

"Da man gyaɗar?"

"Har da shi."

Ya juya ya kalli ɗakin da sauran injinan suke. Idona ya ciko, na hau kakkaɓe zane don kada ya gani.

"Akwai saura da yawa a daskare," ya ce. "Gobe ki ɗauko wani. Ki zo da tokarki."