Ranar da Na Hau Dutsen Sabis

Ni ba mai wasa ba ce, tun ina yarinya ban iya ba. Amma wasa ya kusa cinye mini ɗa, shi ya sa da na iya riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci, da furfurata da komai, na ce sai na rubuta wannan.

Ɗana na fari gyaran waya yake yi a kasuwar Kaura Namoda, magidanci ne da gemunsa. A can ya kamu da wani wasa na cikin waya wanda ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Duniya ce guda, da garuruwanta da kasuwanninta da dajinta, jama'a daga ƙasashe suna cikinta a lokaci ɗaya, kowa da ɗan mutum-mutuminsa. Sai su haɗa runduna su tafi yaƙar dodanni, ko su ƙwace ganuwar wata rundunar. Nasa ko takobi ba ya riƙewa. Farar riga gare shi da sanda, yana tsaye bayan mayaƙa, wanda aka sara ya warkar da shi. Mai magani suke ce masa.

In ya zo gida yakan zauna kusa da murhuna yana nuna mini, yana ƙorafi. Wai wasan ya lalace, tsofaffin abokai sun watse, yanzu mai hali ke sayen sulke ya tattake wanda ya shekara yana wahala, kuma rabin masu yawo a ciki ba mutane ba ne, inji ne aka saita. Na ce to ka bari mana. Ya ce, "Inna, in na bari wa ka warkar da su?"

Shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aikinsa ya tsaya, ya dawo garinmu da ke tsakanin Zurmi da Dauran. Arewa da gari akwai wani dutse, in ka hau ƙololuwarsa sabis ɗin Nijar yakan taɓo waya. Kowa ya san dutsen, kowa kuma ya san masu hawansa: ɓarayin daji da masu kai musu rahoto. 'Yan sintirin garinmu suka kafa doka, duk wanda aka gani a can da waya infoma ne, ba tambaya. Shi kuwa wawan nawa rundunarsa na da yaƙi duk Juma'a. Ashe sulalewa yake yi bayan masallaci ya hau, ni ina zaton gona ya tafi.

Wata Asabar aka tare motar da ta taso daga Shinkafi. Aka harbe direba, aka kashe mutane a kan buhunan gero, har da ƙanin shugaban 'yan sintiri. Kafin a gama jana'iza wata mai itace ta ce ta ga ɗana a kan dutse jiya.

Ina surfe maƙwabciyata ta faɗo gida ba sallama, ta ce 'yan sintiri sun kama ɗana. Na yar da taɓarya, ko takalmi ban tsaya nema ba.

A gindin durumin bakin kasuwa na same su. Sun ɗaure shi ta baya, sun tuɓe masa riga, suna zabga masa wayar wuta, bayansa duk ya tsage. Hannunsa na dama sun riga sun ɗora shi a kan dutse sun daka da gindin bindiga, yatsun sun karkace kamar saiwar rogo. Ido ɗaya ya rufe. Wani yana gefe yana wasa adda a hankali, ba ya ko gaggawa.

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban jama'a. Matan da ke tsaye sun zaci zan ja mayafi in koma ɗaki in yi kukana a ɓoye. Na buɗe baki na kira sunansa da iyakar ƙarfina, karo na farko tun da na haife shi. Shi kansa ya ɗago yana neman wadda ta kira.

Shugaban ya tare ni, idanunsa jawur, ƙasar kabarin ƙaninsa na jikin wandonsa.

"Gwaggo, koma gida. Wanga ba zancen mata ba na."

"Uwarka ma mace ta, kuma ni na yanke maka cibiya. Mi yay yi?"

Ya tura mini waya a fuska. Hoton taswira ne da ɗana ya ajiye, da hanyoyi da jajayen alamu.

"Ga hanya, ga inda za a tare mutane. Mi kike son gani kuma?"

"Wasa na. Na san shi, gaban murhuna aka yin shi."

"To shi buɗe mu gani."

Aka danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar, ya yi ta juyawa, sannan ya tsaya. Ba sabis, wasan ba ya buɗuwa. Jama'a suka ɗauki ihu, a yanka shi, a yanka shi. Wani ya jefo dutse ya fasa masa goshi. Mai adda ya miƙe.

Na sha gabansa na kama kaifin addar da hannuna. Har yau tabon na nan.

"Ku kai mu dutsen," na ce. "In ba wasa ba na, ku yanka shi can ku haɗa da ni. Ko tsoro kuka ji? Kun iya dakan ɗaurarre, ba ku iya hawan dutse?"

Wannan maganar ce ta yi aiki, ba tausayi ba. A gaban mata aka faɗe ta, ba yadda za su yi.

Muka hau da tsakar rana, su da bindigogin toka, ni da ƙafa ba takalmi, shi ana jan sa da igiya, in ya faɗi a ɗaga shi da ƙafa. A ƙololuwa aka kwance shi, amma hannun ba ya riƙe komai. Aka ba ni wayar. Yana faɗa mini inda zan taɓa ta cikin fasasshen leɓe, ina haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya yadda malamarmu ta koya mana, jinina yana shafe gilashin ina gogewa da zane.

Sabis ya kama. Sai wasan ya ce shi ba zai buɗu ba sai an sauke wani sabon gyara. Wani siririn layi ya fito ya fara cika, tafiyar hawainiya.

Ɗana ya yi dariya, jini na zuba. "Kullum haka suke, Inna. Ba su gyara komi, sai ƙarin kayan sayarwa."

Shugaban ya karɓi addar ya ɗora masa a wuya. "Kana da bakin dariya ko? In layin ga ya tsaya, kai ma ka tsaya."

Layin ya tsaya. Na ɗaga wayar sama da hannu biyu ina juyawa gabas da arewa, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ya motsa. Can ƙasa, ta bayan dutsen, muka fara jin rurin babura, kuma a lokacin an hana hawan babur, mutum iri ɗaya ne ke hawa. Matasan suka fara kallon juna. Wani ya ce a gama da shi a sauka. Na ce wanda ya taɓa shi kafin layin nan ya cika, Allah ya isa tsakanina da shi har gaban abada.

Ya cika. Kiɗa ya tashi daga wayar, tallan sulke ya rufe fuskarta, na ture, wani tallan ya fito, na ture. Sai ga ɗan mutum da farar riga da sanda, tsaye a tsakiyar kasuwa, wasu suna ta wuce shi a layi ɗaya kamar tururuwa. Ɗana ya ce in taɓa kusurwa. Taswirar nan ta fito, da hanyoyinta da jajayen alamunta, ga wani dodo mai fuka-fuki zaune a kan alama guda.

Shugaban ya daɗe yana kallo. Addar ta sauka daga wuyan.

"Don wanga abu ka hau nan?"

Ɗana kuwa wani rubutu yake karantawa a gefe. Rundunar ta cire shi tun jiya. Sabis ya yanke masa ana tsakiyar yaƙi, suka sa wani a gurbinsa.

Harsashi na farko ya daki dutse kusa da ƙafata. Na biyu ya shiga cinyar yaron da ya wasa addar, ya faɗi yana kiran uwarsa. Kowa ya watse. Na rungumo ɗana ta ƙugu muka gangara, muna faɗuwa muna tashi, ƙaya na yagar mu, wayar ta tafi can cikin duwatsu. Shugaban ne ya saɓo yaron da aka harba, muka shigo gari ana ta kulle ƙofofi.

Washegari na sa shi a motar gero zuwa Kaura, na zauna kusa da shi ina riƙe da hannun a cinyata, duk wanda ya kalle mu in kalle shi. Mai ɗori ya yi iya yinsa. Yatsu biyu sun miƙe, sauran sun ƙi. Da hagu yake kwance waya yanzu, a hankali, kuma bai sake kwana a garinmu ba.

Shugaban ya zo gaishe ni bayan sallah, ya durƙusa a zaure yana cewa ƙaddara ce, Gwaggo. Na ce ƙanenka ƙaddara ce, Allah ya jiƙansa. Hannun ɗana kuwa kai ne. Na bar shi nan durƙushe na koma ciki.