Rijiyar da Aka Haƙa wa Albasa

Ƙauyenmu yana bayan Sabiyal, a ɓoye ƙarƙashin darbejiya da mangwaro. Daga sama ba a ganin komai sai ganye. Ban damu da haka ba sai shekarar da na ji wata ƙungiya za ta haƙa rijiyar burtsatse a yankinmu, kuma da taswirar intanet take ƙidaya gidaje kafin ta zaɓi wuri. Lokacin ina koyarwa a Maiyama, Inna kuwa tana gida, tana ɗauko ruwa daga fadama da gwiwar da ta daɗe tana ciwo.

Na buɗe taswirar a waya. Babu mu. Amma can gabas, tafiyar rabin sa'a, ga wani gari reras da gidaje layi-layi. Na san wurin. Rudu ne, rumfunan kara da ciyawa da manoman Aliero ke adana albasa a ciki. Wasu bayin Allah a wata ƙasa sun duba hoton tauraron ɗan'adam, suka ga rufi, suka zana gidaje. Da kyakkyawar niyya suka yi, shi ya fi ba ni haushi, don babu wanda zan zaga.

Taswirar ta kowa ce, kowa na iya gyarawa idan yana da shaida. Na ɗaure wayata a kan mashin da robar tayar keke, na bi lungunan ƙauyenmu tana ɗaukar hoto, na zagaya rudun ma. Inna ta bi ni da kallo daga bakin ƙofa.

"Mi kaka yi haka kamar mai neman akuya?"

"Gari nika sawa cikin waya, Inna."

"To ka sa randata, wadda babu komi ciki."

Sai da na je Jega na sami sabis mai ƙarfi. Na ɗora hotunan, na zana gidajenmu, na goge garin albasa. Bayan kwana biyu wani ya mayar da shi, ya rubuto cewa na share ƙauye guda. Na tura masa hoton rudu, albasa jibge har baki. Sai bayan makonni ya ba ni haƙuri ya gyara. Har na yi wa Inna albishir, bakina ya riga ni.

Ranar da motar haƙa ta zo, ta wuce mu da ƙurarta ta yi gabas. Na bi ta a mashin. Na nuna wa shugaban masu aikin wayata, ga gidajenmu ɓaro-ɓaro. Ya duba sosai, ya ce gaskiyata ce. Sannan ya zaro takarda wadda aka buga tun kafin gyarana.

"Malam, nan anka ba ni. In na gusa, ba a karɓar aikina."

Na roƙe shi har na ji kunyar kaina. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba. Na tsaya ina kallo har ruwa ya ɓullo, mai kyau, a tsakiyar rudu, masu albasa suna ta janye buhunansu kada su jiƙe.

Da na koma gida na tarar Inna ta naɗa gammo. Ta tambaye ni wanne ya fi kusa, fadama ko sabuwar rijiyar. Na yi lissafi a raina, na ce fadama. Ta ɗauki tulunta.