Kifaye a Layin Famfo

Har yau in na ji warin kananzir ɗin wanke burushi, ranar nan nake tunawa. Ina shekarata ta biyu da fara koyar da zane a wata makarantar 'yan mata kusa da Tiga. Ba a ba ni takardar tabbatar da aiki ba tukuna, wato sallamata ba ta da wuya.

An kafa mana famfo, wata shida bai ɗiga ba, ga dam muna hangowa ta taga. Sai aka ce wani Honarabul zai zo buɗe shi. Shugabar makaranta, Hajiya Talatu, ta ce in ƙawata katangar bayan famfon.

Na zana kifaye bakwai a layi, kowanne da bokiti a ka, na gaba yana leƙa bakin famfo. A ƙasa na rubuta: "Barka da zuwa, mu ma jira muke."

Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malama Rabi, kifi da bokiti? Shafe min shi yau."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ɗalibaina ne na sa wa jela. Hannuna ba zai iya ba."

"To, zai iya amsa takardar tuhuma."

Ta sa Malam Idi mai gadi ya shafe shi da farar ƙasa. Ni kuwa da fentin mai na yi aikina. Da safen taron aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin Honarabul ya iso, farar ƙasa ta zube, kifayena sun dawo layi. Ya murɗa famfo, iska ta yi fito. Wata tsohuwa cikin iyaye ta ce, "Ranka ya daɗe, a fara ba na gaba, ya riga mu zuwa!" Dariya ta ɓarke, har 'yan rakiyarsa suna ɓoye fuska.

Na amsa tuhumar da layi ɗaya: ban zana abin da babu ba. Aka tura ni can Doguwa, ban roƙi kowa ba. Na dai gane cewa zane ba ya kawo ruwa, amma yana hana a ce an sha.

Sai bayan shekara huɗu, a wurin ta'aziyyar Hajiya, Malam Idi ya gaya min ashe akwai farin fenti a sito. Hajiya ce ta ɗaga kai ta dubi hadari, ta ce ya kwaɓa farar ƙasa, kuma ya cika mata ruwa.